Wane kashi zai shiga, wanne zai tsaya a waje

Kamfanina ƙarami ne, aikinmu kuma ba ya fitowa a allo. Idan ka buɗe manhajar kallon fina-finai ka tarar an jera maka wasu kashi na shirye-shirye masu dogon zango ƙarƙashin suna kamar "tsallaka zamani" ko "halittun wata duniya", to akwai wanda ya zauna ya kalli kowanne, ya ce wannan ya shiga, wancan bai shiga ba. Irin aikin da muke karɓa ke nan. Mai manhaja ko gidan talabijin zai turo mana shirye-shiryensa da rukunan da yake so, mu mayar masa da jeri, kowane kashi da rukuninsa da dalili a layi ɗaya.

Shirye-shiryen ƙagaggen labarin kimiyya su suka fi ba mu wahala, saboda masu kallonsu ba sa yafiya. Kuskure ɗaya a jeri, sai saƙonni su cika wa mai manhaja akwati, shi kuma ya juyo kanmu.

Tsarinmu shi ne mutum biyu su kalli kashi ɗaya ba tare da sun yi shawara ba. Inda bakinsu ya zo ɗaya, an wuce wurin. Inda suka saɓa, sai a kawo teburina. Kafin kowa ya fara kallo kuwa, sai na rubuta ma'anar rukunin, domin idan aka bari sai an kalla, kowa zai lanƙwasa ma'anar ta dace da kashin da ya burge shi.

Rukunin tsallaka zamani shi ya fi zuwa teburin nan. A Star Trek na farko, wanda ya fara a 1966, kashin "The City on the Edge of Forever" ba ya buƙatar muhawara: an koma shekarun 1930, an taɓa tarihi, komai ya birkice, aka bi aka gyara. Amma ɗauki "The Inner Light" na 1992, a Star Trek: The Next Generation. Kyaftin Picard ya yi rayuwa cur a wata duniyar da ta hallaka shekara dubu da suka wuce, ya yi iyali, ya tsufa, alhali jikinsa na kwance a cikin kumbonsu minti 25 kacal. Wata ma'aikaciyata ta sa shi a rukunin. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Oga, ai mutumin ya ga zamanin da da idonsa." Na ce mata gani ya yi, amma ƙafarsa ba ta taka can ba, kuma ba abin da zai yi a can ya sauya yau. Wanda ya danna wannan rukuni yana neman rikicin nan na taɓa jiya gobe ta lalace, ba zai same shi a nan ba. Muka cire shi, duk da a ganina yana cikin mafi kyau a shirin gaba ɗaya.

"Cause and Effect", shi ma na 1992 a wannan shirin, wata rigimar ce daban. Kumbon yana karo da wani, ya tarwatse, lokaci ya koma baya, a sake, su kuma mutanen ciki ba su sani ba sai dai jikinsu yana ba su kamar sun taɓa yin wannan. Maimaituwar lokaci rukuni ne mai zaman kansa a wajenmu. Sai dai a ƙarshen kashin an gano kumbon da suke karo da shi daga shekarar 2278 ya fito, shekara 90 baya. Don haka muka ba shi rukuni biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami.

Doctor Who kuwa, tun 1963 jarumin yana yawo a zamunna, kusan kowane labari da haka yake farawa. Ka sa wa duka alamar, ka tashi a banza. A nan sai mu taƙaita, mu ɗauki inda lokacin kansa ne matsalar labarin kawai.

The X-Files, da ya fara a 1993, masu kallonsa da kansu suka raba shi gida biyu: kashin da ke jan doguwar maƙarƙashiyar gwamnati da halittun sama, da kashin dodon mako, wanda labarinsa ke ƙarewa a ranar. A 2005 kamfanin Fox ya fitar da faifan DVD kundi huɗu na kashin maƙarƙashiyar zalla. Jerin nan yana taimaka mana, amma bai kashe bakin tsanya ba. "Tooms" na zangon farko labarin dodo ne sak, to amma a cikinsa Skinner, shugaban su Mulder jarumin shirin, ya fara bayyana, kuma mutumin nan mai shan taba, jigon maƙarƙashiyar, yana cikin ofishin. Ƙa'idata a nan ita ce: idan mai kallo ya tsallake kashin, zai ɓata a gaba? A "Tooms" ba zai ɓata ba, sai muka bar shi wajen dodanni, muka rubuta bayanin Skinner a gefe.

Akwai kuma inda alamar da kanta ke tona asirin labari. A "Future Imperfect" na 1990, Riker, mataimakin Kyaftin Picard, ya farka aka ce masa shekara 16 sun shuɗe, daga baya ta bayyana duk shiri ne aka yi masa. In ka ce tsallaka zamani ne, ka yi ƙarya. In ka ce ruɗi ne, ka gaya wa mai kallo ƙarshen tun bai fara ba. Wani mai manhaja ya taɓa nacewa sai mun sa shi a rukunin tsallaka zamani don jerin ya yi tsawo, na ƙi, muka yi ta ja-in-ja. Abin da muka tsaya a kai shi ne alama iri biyu: wadda mai kallo ke gani, da ɓoyayyiya wadda injin bincike kaɗai ke karantawa. Ruɗi ya tafi ɓoyayyiyar, kuma tun daga lokacin nake sa wannan sharaɗi a kowace yarjejeniya kafin mu karɓi aiki.