Katakon cukun da aka yaba amma ba a ci ba

Baƙi takwas nake jira ran da na fara haɗa katakon cuku, wato farantin katako da ake jera wa baƙi cuku da 'ya'yan itatuwa a kai, kuma na ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai. Cuku iri biyar na tanada. Na jera su a layi ɗaya a tsakiyar katakon, babba a tsakiya, ƙanana a gefe da gefe. Na zuba inabi a dama, na zuba yankakkiyar tuffa a hagu daidai yawan inabin, sannan na kewaye bakin katakon da biskit kamar shinge. Duk abin da ke wannan ɓangaren yana da abokinsa a wancan. A lokacin abin da na ɗauka shi ne daidaito ke nan.

Baƙi suka zo suka yaba, wasu har da ɗaukar hoto. Aka tsinki inabi, aka ɗauki biskit. Amma da na zo kwashe kaya bayan an watse, sai na tarar da cukun kusan yadda na ajiye shi. Mai laushin cikinsu, wanda ake kira Brie, ko wuƙa ba ta shige shi ba. Tuffar ta dafe ta yi laushi, biskit ɗin da ke jikinta ya sha ruwa ya saki. Abin ya tsaya mini a rai, don ni so nake a ci, ba yabo kaɗai nake nema ba.

Yayata ce ta tsaya taya ni wanke-wanke, ita ce kuma ta faɗa mini gaskiya. Ta ce, "Ke ma dai, kin jera abu kamar na kallo. Wa kike so ya fara sa wuƙa ya ɓata miki shi?" Na ce, "Yaya, ai wuƙar na nan a gefe." Ta ce wuƙa ɗaya ce ga cuku biyar, kuma ita kanta da ta gwada yankar mai taurin sai da katakon ya zame, ta ji nauyin idon mutane ta ajiye. Tun daga ranar, duk abin da zan ɗora a katako sai na tambayi kaina: idan baƙo ya miƙo hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kofi, zai iya ɗauka ba tare da ya ji ya ɓata wani abu ba?

Na fara da rage yawan cukun. Uku ko huɗu sun isa, muddin ba su yi kama da juna ba. Nakan ɗauki ɗaya mai laushi, ɗaya mai tauri, ɗaya tsaka-tsaki, idan kuma na san baƙin suna son abu mai ƙarfi sai in ƙara shuɗin cuku, wato mai jijiyoyin shuɗiyar funfuna a cikinsa. Mai laushin galibi Brie ne, wanda sunansa na wani yanki ne da ke gabas da Faris, a Faransa. Farin ɓawon nan nasa wata funfuna ce mai kyau da ake sa masa da gangan, kuma ana cin ta, abin da na ga baƙi da yawa ba su sani ba, suna kwashe cikin su bar ɓawon. Tsaka-tsakin nakan ɗauki Manchego, na madarar tumaki daga yankin La Manca a Sifaniya. Mai taurin kuwa ko tsohon Gouda na Holan, ko Parmigiano na Italiya. Yawan da nake aunawa, idan akwai abinci a baya, giram 60 zuwa 80 ne ga kowane mutum, duka cukun a haɗe. A karon farko na ninka hakan, shi ma yana cikin abin da ya sa katakon ya yi wa mutane kwarjini.

Da na fara lura da launi sai na ga wani abu da da ban kula da shi ba. Cuku kusan duk fari ne ko ruwan madara ko rawaya-rawaya. Na akuya shi ne fari fat, saboda jikin akuya yana juya sinadarin karotin da ke cikin ciyawa ya koma bitamin A, ita kuwa saniya wani kaso yana wucewa cikin kitsen madararta, shi ya sa nata yake da ɗan rawaya. Cukun Cheddar mai launin ruwan lemo ma ba daga madara launin ya fito ba, rini ne da ake samu daga 'ya'yan wani itace da ake kira anato. To, idan ka jera cuku huɗu kusa da juna, ido ba ya rabe su, dunƙule ɗaya yake gani. Aikin 'ya'yan itatuwa ke nan a katakon: su raba tsakani. Baƙin inabi a jikin farin cukun akuya, koren inabi a jikin Cheddar mai ruwan lemo, ɓauren da aka raba biyu jan cikinsa yana kallon sama kusa da Brie.

A nan na daɗe ina gwaji, domin nan ne na yi kuskure a farko. Daidaiton da ido ke so ba na dama da hagu ba ne, na nauyi ne. Abu mai duhu ya fi mai haske nauyi a ido. Abu mai tsayi ya fi na kwance. Kwano, ko da ƙarami ne, yana jan ido fiye da abin da aka baza. Idan baƙin inabi da kwanon zaitun da shuɗin cuku suka taru a kusurwa ɗaya, sai ka ga katakon kamar ya karkata, ko da a sikeli ɓangarorin biyu ɗaya suke. Don haka yanzu manyan abubuwa nake fara ajiyewa, cukun da ƙananan kwanuka biyu ko uku na zuma da zaitun, kuma ba na taɓa jera su a layi. Nakan ajiye su kamar duwatsun murhu, uku-uku, amma tazararsu ba ɗaya ba, kuma babu wanda ke zaune a tsakiyar katakon cif. Kowane launi mai ƙarfi kuma sai ya bayyana a wuri biyu ko uku. Ja idan ya fito a sama ta hagu, to a ƙasa ta dama ma sai an gan shi, ko da sitiroberi uku ne kacal. Haka ido ke yawo a kan katakon bai tsaya wuri ɗaya ba.

Akwai dabarar da ta taimake ni fiye da kowacce. Idan na kusa gamawa, sai in ɗauki hoton katakon daga sama da waya, in mayar da hoton baƙi da fari. Launi ya ɓace, sai duhu da haske kawai suka rage, nan take nake ganin inda ya yi nauyi da inda ya yi fayau. Sau da yawa gyaran bai wuce matsar da gungun inabi ɗaya ba.

Yanka ma yana cikin kwalliyar, kuma shi ne amsar maganar Yaya. Kowane cuku da irin yankan da ya dace da shi, kuma bambancin siffar yana raba su a ido kamar yadda launi ke yi. Manchego nakan yanka shi sirara masu kusurwa uku, in kwantar da su a jere ɗaya a kan ɗaya kamar mafici. Cheddar nakan yi shi sanda-sanda ko 'yan murabba'i. Parmigiano ba a yanka shi da kyau, don aƙalla wata 12 yake yi yana tsufa kafin a fitar da shi, ya bushe yana marmashi. Tsinin wuƙa ake caka masa a murɗa, ya ɓalle gutsure-gutsure, kuma rashin daidaiton gutsattsarin nan yana da kyau a kusa da Manchego da ke jere tsaf. Brie ne kaɗai nake bari a dunƙule, don idan aka yayyanka shi duka zai narke ya malale. Amma sai na cire yanki ɗaya na ɗan janye shi gefe, na bar wuƙar a wurin. Wannan ɗan giɓin shi ne ke gaya wa baƙo cewa an riga an fara, ba shi zai buɗe ba. Idan kuma yanki ne na Brie mai tsini aka ajiye, Faransawa ba sa son a datse tsinin, don nan ne suke ganin ya fi daɗi. Ta tsawonsa ake yanka, kowa ya sami tsakiya ya sami ɓawo. Kowane cuku da wuƙarsa, musamman shuɗin. Irin su Roquefort, wanda ake ajiyewa cikin koguna a kudancin Faransa har ya nuna, ƙamshinsu da ɗanɗanonsu suna bin wuƙa su mamaye duk wanda ta taɓa. A bakin katako nake ajiye shi, nesa da masu sanyin ɗanɗano, zuma a kusa da shi.

Bayan manya sai biskit da yankan burodi, waɗanda nake jerawa a lanƙwashe suna zagaya kwanuka kamar rafi. Sannan 'ya'yan itatuwa. Na ƙarshe su ne ƙananan abubuwa masu cike gurbi: almon, kashu, zabibi, busasshen ɓaure.

Inabi da almakashi nake yanka shi ƙananan gungu, 'ya'ya huɗu ko biyar, yadda mutum zai ɗauki gungun gaba ɗaya. Idan aka ajiye babban gungu ana tsinka, kafin rabin awa sai ƙaran banza a tsaye a tsakiyar katako. Duk abin da na wanke sai na tsane shi sarai, don ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kashe biskit. Tuffa ita ce ta ƙarshe da nake yankawa. Abin da ke sa ta dafe wani sinadari ne a cikinta da ke aiki da zarar iska ta taɓa namanta, tsami kuwa yana rage masa ƙarfi, saboda haka nakan tsoma yankan cikin ruwan da na matsa wa lemon tsami, in tsane. Kankana ba na sa ta ko kaɗan, ruwanta ya yi yawa. Kiwi kuwa ya taɓa ba ni darasi. Koren nan nasa ya burge ni, na jingina yankansa da cukun akuya, bayan wani lokaci na ɗanɗani wurin da suka haɗu na ji ɗaci. Ɗanyen kiwi da abarba da gwanda suna da sinadaran da ke farfasa furotin na madara, ɗacin daga nan yake. Idan ina son su yanzu, a nasu kwanon suke zama.

Ina ganin katakan da ake cikawa maƙil har ba a ganin itacen, kuma na yarda suna kyau a hoto. Ni dai ba na yi. Wuƙa tana buƙatar wurin da za ta sauka, yatsa ma haka, kuma idan komai ya jingina da komai, ɗaukar biskit ɗaya sai ya rusa almon goma. Nakan bar faɗin yatsu biyu a bakin katakon, da ɗan fili a gefen kowane cukun da za a yanka.

Ɗayan kuskurena na ranar farko shi ne sanyi. Ana saura minti biyar baƙi su shigo na fito da cukun daga firji. Cuku mai sanyi kitsensa a daskare yake, ƙamshinsa a rufe, Brie ma tauri yake yi kamar ba shi ba. Yana buƙatar minti 45 zuwa awa ɗaya a waje, a rufe don kada ya bushe. Sai dai abincin da ke lalacewa ba a son ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ne, kuma mai laushi ya fi saurin lalacewa. Mafitar da na samu ita ce ƙaramin katako: in fito da rabi, in bar rabi a firji, idan ya yi ƙasa in ƙaro. Hakan ya kuma sa katakon bai taɓa zama kamar kango a gaban mutane ba.

Nakan tambayi baƙi tun kafin ranar. Akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa da danginta, to su almon sai su koma kwano daban. Masu juna biyu ana ba su shawarar guje wa Brie da shuɗin cuku saboda ƙwayar cutar listeriya, don haka nakan tabbatar akwai mai tauri isasshe. Idan da ƙananan yara, inabinsu ta tsaye nake raba shi, don ɗan inabi guda yana iya shaƙe yaro. Wasu kuma suna son sanin da me aka daskarar da madarar, domin cuku irin Parmigiano da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi ake yin sa. Shi ya sa nake ajiye takardar da aka naɗo kowanne a ciki, wanda ya tambaya in nuna masa ya karanta da kansa.

Karo na biyu da na tara mutanen nan, cuku huɗu na sa a katakon da bai kai na farko girma ba. Kafin in dawo daga kicin da kofuna, Manchego ya ragu da rabi, wani kuma ya riga ya faɗaɗa giɓin da na bari a jikin Brie. Sau biyu na ƙaro inabi. Shuɗin cukun ne aka daɗe ana kewaye shi, har sai da Yaya ta lakato kaɗan a biskit, ta ɗiga masa zuma, ta miƙa wa wadda ke kusa da ita ta ce, "Ɗanɗana haka ki ji." Daga nan aka yi layi a wannan kusurwar, hannaye suna ta karo a kan kwanon zuma guda ɗaya. Da na zo kwashewa, ɓawon Manchego ne ya rage da 'yan zaitun uku, kuma na rubuta a takardar da ke manne a jikin firjina cewa nan gaba kwanon zuma biyu zan sa, ɗaya a kowane ƙarshen katakon.