Kuɗin da na ƙona kafin na samo wa yarona kulob ɗin ƙwallon kwando a Houston

Ni ɗan Zariya ne, kuma a sanina can gida ƙwallon kwando ba abin da uba yake biya wa kuɗi ba ne, ka je fili a Samaru ka tarar ana jefawa ka shiga, in Allah ya ba ka tsawo wani koci zai ja ka gefe ya ce ka dinga zuwa tirenin, shi ke nan. Masai Ujiri ma da yake shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019 ai a Zariyar ya tashi. To da wannan tunanin na zo Amurka, shi ya sa da babban yarona ya cika shekara 12 ya fara damuna wai Baba duk abokaina suna AAU ni kaɗai ne ba na yi, na ɗauka wani abu ne na makaranta da za a cike fom a wuce wurin.

Ashe ba haka ba ne. AAU ɗin sunan wata tsohuwar ƙungiyar wasanni ce da aka kafa tun 1888, amma yanzu duk kulob ɗin yara da ke yawon gasa gari gari haka ake ce masa ko da ba shi da wata alaƙa da ita, kuma kusan kowa zai iya buɗe nasa, ya ɗinka jesi ya kama hayar fili ya sa wa tim ɗin suna mai daɗi. Ana tirayal, wato gwajin zaɓen yaran da za a ɗauka, wajen Fabrairu zuwa Maris, a buga har Yuli.

A 2023 kulob na farko da muka je tirayal shi muka shiga, kuma wlh ba komai ya ja ni ba sai hotunan kofuna da na gani a Instagram ɗinsu da yadda kocin ya riƙe hannuna yana cewa yaronka yana da tsawo, za mu kai shi nesa. Kaina ya yi girma. Na biya kuɗin kakar wasa gaba ɗaya ban tambayi me ke ciki ba, daga baya na gane jesi daban, jaka daban, kuma ni uba in zan shiga kallon ɗana sai na biya a ƙofa kowace rana, har da kuɗin ajiye mota a wasu wuraren. Sai kuma maganar otal, akwai gasar da ba za a bar tim ta buga ba sai kun kwana a otal ɗin da masu gasar suka zaɓa, ko da kuwa kana da ɗan uwa a garin. Mun je Dallas, tafiyar kusan awa 4 a mota, ga gidan wani abokina Bakano da ya ce mu sauka, amma dole muka kama ɗaki kwana 2.

Duk wannan da na haƙura in da yaron yana buga wasa. Mutum 13 ne a tim, 5 ne ke shiga fili, kuma kocin yana da nasa guda 7 da ba ya taɓawa, ɗansa na ciki. A Dallas ɗin nan wasa 4 aka yi, uwargida ta zauna da waya tana lissafa mintocin da yaron ya shiga, gaba ɗaya bai kai minti 15 ba. In ma an sa shi sai a ce ya tsaya ƙarƙashin kwando ya ɗaga hannu saboda ya fi sauran tsawo, ba a koya masa riƙe ƙwallo ba, ba a koya masa jefawa daga nesa ba. A hanyar dawowa bai ce uffan ba sai da muka kusa gida ya ce Baba ko dai ban iya ba ne? Wannan tambayar ta fi kuɗin otal ci mini rai.

Ga azumi kuma ya faɗo cikin kakar, ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ana sa wasa da rana tsaka, ga Islamiyyar Lahadi da ta zama sai an ga dama. Uwargida kam tun a nan ta fara cewa Malam wannan abin naku anya?

Shekarar da ta biyo baya na canza salo. Kafin tirayal sai na dinga zuwa kallon tirenin ɗinsu na tsakiyar mako ba tare da na sanar ba, na zauna can baya. A nan ake gane koci, ba ranar gasa ba. Wani ihu kawai yake yi da zagi, wani kuma yara suna ta buga wa juna yana kan waya. Kuma na daina tambayar iyayen da yaransu ke haskawa, na koma neman uban yaron da ke zaune a benci, shi ne zai faɗa maka gaskiya. Kowane koci na tambaye shi yara nawa zai ɗauka, sau nawa ake tirenin a mako, gasa nawa ce ta wajen gari, kuma ya rubuta mini jimillar kuɗin a takarda. Biyu sun yi ta kwana kwana, na gode musu na tafi.

Wani abin da ya buɗe mini ido shi ne maganar sikolaship da ake ruɗar mu da ita. Manyan gasannin da kamfanonin takalma ke ɗaukar nauyi, Nike EYBL da Adidas 3SSB da na Under Armour, inda kocin jami'a ke zuwa kallo kamar Peach Jam da ake yi a North Augusta duk Yuli, harkar 'yan shekara 15 zuwa 17 ce galibi. Ba kocin jami'ar da zai zo ya zauna kallon ɗan shekara 12. Kuma a lissafin NCAA kanta, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, cikin samarin da ke buga wa sakandare wajen 1 cikin 100 ne ke kaiwa rukunin farko na jami'o'i. NBA da USA Basketball, hukumar ƙwallon kwando ta ƙasar, ma sun fitar da shawara a 2016 cewa kar yaro ya tsaya kan wasa ɗaya tak kafin shekara 14, kuma kar ya wuce wasa 2 a rana, alhali mu an sha sa mana 3 ranar Asabar.

Wanda muka zaɓa ƙaramin kulob ne da ba wanda ya san sunansa, yara 9, tirenin sau 2 a mako minti 20 daga gida, gasar wajen gari 2 kacal, ɗaya a San Antonio. Kocin malamin makaranta ne, ba shi da ɗa a tim ɗin. Da na yi masa maganar azumi shi ya fara tambayata ƙarfe nawa ake shan ruwa, ya ce yaron ya dinga yin mai sauƙi har a gama azumi. Ba mu ci kofi ko ɗaya ba a kakar, akwai ma ranar da aka lallasa mu da tazarar maki 30, amma yaron ya buga fiye da rabin wasan kuma shi ya dinga ɗauko ƙwallo daga baya, har da hannun hagu.

Yanzu ƙaninsa ya fara cewa shi ma zai shiga, shekararsa 9. Na ce masa ga kwando nan a bakin gareji, yayanka ya fara koya maka tukuna.