Ranar da Medusa ta sa tuwonmu ya huce

Asabar, sha ɗaya saura na dare.

Da niyyar wanki na tashi yau, ga shi har yanzu kayan suna jiƙe a bokiti. Laifin Auta ne. Jiya ya dawo hutu, yau da hantsi ya shigo falo da kwamfuta a hammata, wai zai nuna wa ɗiyar Yaya Babba shirin Percy Jackson na Disney+, tunda ta gama littafin farko makon jiya. Ni na ba ta littafin. Nawa ne tun ina ƙaramar sakandare, bangonsa ya sha salatif, har da tabon manja a tsakiya. Na ce bari in zauna minti biyar in ga fuskar yaron da suka ɗauka. Kiran azahar ne ya tashe ni daga kujerar.

Ga wanda bai san zancen ba: Rick Riordan, marubucin littafin, a da malamin makaranta ne a San Antonio ta jihar Texas. Yana da ɗa wanda haruffa ke rikice masa in yana karatu, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Da dare yakan ba shi labaran Girkawan da, har suka ƙare, yaron ya ce to a ƙirƙiro masa sabo. Nan aka haifi Percy, yaro ɗan shekara 12 mai irin matsalar ɗan marubucin, wanda ya gano ashe shi ɗan ruwa biyu ne, uwa mutum, uba Poseidon mai teku. Littafin farko, The Lightning Thief, ya fito a 2005, na biyar ya rufe zagayen farko na jerin a 2009. A labarin, Dutsen Olympus, mazaunin allolin Girkawa, ya koma hawa na 600 a benen Empire State da ke New York, ƙofar lahirarsu kuma tana Los Angeles. Wannan raha ita ta kama ni ina yarinya.

Ba mu kai kashi na uku ba rigima ta ɓarke. Ɗiyar Yaya, shekararta 13, ta zauna da littafi a cinya kamar mai bitar hadda, ko'ina aka kauce sai ta ɗaga hannu. "Anti, ba haka yake ba." A littafi yaran sukan faɗa tarko tsundum kafin su farga, a shirin kuwa tun daga bakin ƙofa sun san wace ce ke ciki. Wannan ƙorafin ba nata ba ne ita kaɗai, masoya da yawa sun yi shi tun da shirin ya fara a Disamban 2023, kuma na yarda da shi. Daɗin gidan cacan Lotus a littafi shi ne kai mai karatu ma ka shagala tare da su, sai daga baya ka ji gabanka ya faɗi cewa kwanaki sun tafi. In yaro ya shiga yana karanto maka haɗarin wurin, me ya rage? Auta ya tsallaka da mu gaba ya nuna mana inda wa'adin mayar da sandar tsawar Zeus, sarkin allolin Girkawa, ya wuce ba su kai ba, alhali a littafi sun kai a kan lokaci, da inda aka ba Percy lu'ulu'u huɗu maimakon uku. Yarinya ta kusa kuka.

Auta kuwa ɗan fim ɗin 2010 ne, shi ya fara gani kafin ya taɓa littafi, don haka yake kare shi kamar gadon gidansu. Na tuna masa cewa a can an mai da Percy saurayi ɗan 16, an rusa annabcin cikarsa shekara 16 da dukan jerin ya rataya a kai, kuma shi kansa marubucin a 2018 ya fito da wasiƙun da ya rubuta wa masu fim ɗin yana roƙonsu su gyara labarin. Marubucin ya ce bai taɓa kallon fim ɗin ba ma. Auta ya ce, "Yaya, amma ai ya fi wannan motsi." A nan kam ban iya musa masa ba.

Sai maganar Annabeth, abokiyar tafiyar Percy. A littafi farar yarinya ce mai gashi ruwan zinariya da idanu ruwan toka. A shirin baƙar fata ce, Leah Jeffries, wadda tana da shekara 12 lokacin da aka sanar da ɗaukarta a 2022, kuma manya da gemunsu suka yi mata ca a intanet har sai da Riordan ya fito ya ce shi ya zaɓe ta, mai fushi ya zo kansa, kuma abin da ake yi mata wariyar launin fata ne. Ɗiyar Yaya ta ce ita ba ƙin yarinyar take ba, kawai dai ba ita ta gani a ranta ba. Na ce to Percy fa? Baƙin gashi ne da shi a littafi, yaron da ke wasan nasa jaja-jaja ne, me ya sa ba ki ɗaga hannu a nan ba? Ta yi shiru. Na ji daɗin kaina ƙwarai a lokacin. Da na san abin da ke jirana da yamma da na rage murna.

Medusa, mai gashin macizai, ita ce ta ci mana lokaci. A littafi dodanniya ce kawai, tsohuwar budurwar Poseidon da Athena, ɗaya daga allolin Girkawa, ta kama su a ɗakin bautarta ta tsine mata. A shirin an ba ta bakin magana, ta nuna an cuce ta ne sannan aka hukunta ta. Yarinya ta ce sun ɓata asalin labari. Nan malamar da ke cikina ta miƙe tsaye. Na ce wane asalin? Hesiod, mawaƙin Girkawa, wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo ta a matsayin ɗaya daga 'yan'uwa uku, 'ya'yan halittun teku, ita kaɗai ce mai mutuwa a cikinsu, babu zancen tsinuwa. Labarin kyakkyawar budurwa da aka ci zarafinta a ɗakin bauta aka mai da gashinta macizai, Ovid ne ya rubuta shi, mutumin Rum, wajen shekara ta 8 miladiyya. Tsakaninsu kusan ƙarni bakwai. Kowane mawaƙi ya ɗauki abin da ya ga dama ya ƙara gishirinsa, kuma ba wanda ya kai wani ƙara. To don me za a ɗaure masu shirin 2023 da igiyar littafin 2005?

Umma na tsakar gida tana tankaɗe, duk tana jinmu. Ta leƙo ta ce, "Wai kan tatsuniya kuke wannan hayaniyar? Mu da muka ji Gizo daga bakin Inna daban, daga bakin Gwaggo daban, wa ya taɓa cewa ƙarya take?" Sannan ta tambayi abin da na san za ta tambaya: su wane ne waɗannan allolin da muke ta ambata a cikin gidanta. Na ce Umma gumakan mutanen da ne, labari ne kawai. Ta ce Allah ya kyauta, a dai tashi a yi salla.

Bayan la'asar na ɗauki littafin don in nuna wa yarinya wurin Medusa, in ƙarasa cin nasarata. Na karanta da ƙarfi, sai muryata ta sarƙe. Na manta sam da yadda aka siffanta ta: doguwar mace cikin baƙar riga har ƙasa, ba a ganin komai sai hannayenta, fuska a rufe ruf, har Percy ya ɗauka 'yar Gabas ta Tsakiya ce. Wato dodanniyar farko da ta ja su da abinci, shigar maƙwabciyarmu mai niƙabi ta yi. Na karanta wannan shafin ina da shekara 14 ban ji komai ba. A shirin sun cire wannan, sun sa mata hula mai ɗan raga a fuska. Ɗiyar Yaya ta dube ni ta ce, "Anti, wannan canjin kam ya yi." Ban ce uffan ba.

Auta, da ba ya barin ta kwana, shi ya jawo Samirah. Bayan Girkawa da Rumawa da Misirawa, Riordan ya koma kan tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, jerin Magnus Chase, littattafai uku daga 2015 zuwa 2017. A ciki akwai Samirah al-Abbas, Musulma 'yar Boston, danginta daga Iraƙi, tana zaune da kakanninta, burinta ta zama matuƙiyar jirgin sama. Aikinta na ɓoye shi ne ɗauko rayukan jaruman da suka mutu ta kai su Valhalla, fadar Odin, babban allan tatsuniyoyin. Ubanta Loki ne, sarkin makirci. Auta ya ce, "To Yaya, ke da kika ce marubuci na da 'yanci, me ya sa kika taɓa jifa da littafin nan?"

Gaskiya ne, na yi jifa da shi. Kuma yau ma sai na ji bakina yana zuba irin na masu cewa gashin Annabeth bai yi ba. Hijabinta kore ne, na sihiri, tana ɓuya da shi, wani lokaci yana kanta wani lokaci yana wuya, ga maza a wurin. An yi mata baiko tun tana ƙarama da ɗan'uwanta Amir. Ina ce Musulma guda ɗaya tak ka saka a duniyarka, sai ka rasa abin ba ta sai auren haɗi? Ba ni kaɗai na faɗa ba, masu karatu Musulmi sun yi ta faɗa har marubucin ya rubuta amsa a 2020, kamar yadda ya yi kan gashin tsuntsun da ya sa wa Piper ta wani jerin nasa, 'yar ƙabilar Cherokee ta 'yan asalin Amurka, a kai.

Amma in zan yi adalci, akwai abin da ya yi da ya burge ni, kuma na faɗa wa Auta. Samirah ba ta yarda Odin da ɗansa Thor alloli ne ba. A wurinta halittu ne masu ƙarfi, Allah ɗaya ne ya halicce su kamar kowa, aiki take yi musu, ba bauta ba. Tana salla. A littafi na uku ta yi azumin Ramadan a cikin jirgin ruwa, a can arewa inda rana ke ƙin faɗuwa, duk da rangwamen da matafiyi ke da shi. Kuma ya ɗaura asalinta da Ahmad ibn Fadlan, mutum na gaske, wanda halifa al-Muƙtadir ya tura daga Bagadaza a 921, ya isa bakin kogin Volga a 922, ya ga mutanen Rus suna ƙona gawar shugabansu a cikin jirgin ruwa ya rubuta. Ni ban taɓa jin sunan Ibn Fadlan a aji ba, a littafin yara na Ba'amurke na fara gamuwa da shi. Wannan ya ɗan ba ni kunya har yau.

Auta ya ce to ai shi ke nan, na zama ɗiyar Yaya: in an taɓa abin da na sani ciki da bai, sai in ɗaga hannu. Na ce ba ɗaya ba ne. Babu mai kwana yana kiran Zeus a unguwarmu, launin gashi kuma ba ibada ba ne, hijabi kuwa yanzu haka yana kaina. Ya ce, "Bagirke fa? In ya ga an kwashe Olympus daga ƙasarsa an kai New York, an ce wai wutar wayewa ce ta koma Amurka, shi ba zai ji komai ba?" Na buɗe baki na rufe. Har yanzu ina ganin akwai bambanci tsakanin addinin da ake yi da labarin da aka gada, amma na lura iyakar da na shata ta faɗo daidai inda ta yi mini daɗi, kuma hakan bai kwanta mini ba.

Tuwo ya huce, miyar kuka ta yi fata a sama, Umma ta yi faɗa. Muna ci yarinya ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya: "Anti, kina da na Samirah ɗin?" Ina da shi, duka ukun, suna ƙasan akwati. Na ce sai na duba.

Na ciro na farkon ɗazu, yana nan gefen filo. Kusurwar bangon a lanƙwashe take tun ranar da ya bugi bango. Ban san ko in ba ta haka ba, ko in fara zama da ita, ko in bari Yaya Babba ya gani tukuna, don in ya ji an ce Musulma 'yar Loki ni zai kira. An ɗauke wuta, cajin waya saura kaɗan. Wanki sai gobe da asuba, in Allah ya kai mu.