An buge yaro sau ɗaya, wai ya ƙare

Jiya da la'asar na leƙa gidan dambe nan Katsina, wani yaro ɗan damben ɓangaren Arewa da ake ta zuzutawa tun bara ya sha kisa a turmin farko, hannu ɗaya kawai aka sa mishi a haɓa sai ga shi a ƙasa. Wallahi kafin ya kwance zaren hannunshi har makiɗin ya juya ya koma wasa wanda ya buge shi, masu liƙa mishi kuɗi ɗazu ɗazu duk sun watse, wani dattijo kusa da ni na cewa ai yaron nan ya ƙare. Haba Baba, a dambe guda?

Damben Turawa ma haka abin yake, ko ma ya fi. Tunda Mayweather, ɗan damben Amurka, ya yi ritaya da wasa 50 ba faɗuwa, masu shirya wasa suka ɗora ma yara tsoron faɗuwa, sai a yi ta haɗa yaro da ragwaye don takardarshi ta yi kyau, ranar da ya gamu da gwani kuwa ya sha mamaki. Alhali Bernard Hopkins an cinye shi a wasanshi na farko a 1988, amma har yana shekara 49 yana riƙe da kambun duniya. Pacquiao ma, shahararren ɗan damben Philippines, an shimfiɗe shi a zagaye na 3 a 1996.

Ni ubangidanshi nike jiye ma yaron, don na ga ko kallonshi bai yi ba da zai hau mashin.