Kabad mai ɗaga talabijin: inda aikin kafinta ya haɗu da na mai wuta

Kabad ɗin da talabijin ke ɓuya a cikinsa, a danna makunni ta fito, ba ya bukatar kayan wuta masu yawa. Inji ɗaya ne, makunni ɗaya, fis ɗaya. Wahalar tana wajen awo, domin injin turawa kawai ya iya, katako ne ke nuna wa talabijin hanya.

A fara da awon talabijin. Mai inci 43 faɗinta kusan santimita 97 ne, tsayinta wajen 56, nauyinta bai cika wuce kilo 10 ba. Don haka cikin kabad ya kai faɗin santimita 105, tsayi 80, zurfi 30. A yi gangar jikin da filawud mai kaurin milimita 18. Kada a sa MDF, wato allon da aka matse daga garin katako da gam, a wurin da zai ɗauki nauyi, bakinsa ba ya riƙe sukuru.

Injin da ake bukata shi ne akcuweta, wato inji mai sanda da ke miƙewa ta koma. A nemi mai aiki da 12V, wanda sandarsa ke fita milimita 600, mai ƙarfin turawa 750N (N na nufin newton, ma'aunin ƙarfi). Kada a ruɗu da mai ƙarfi sosai, yawanci gwargwadon ƙarfinsa gwargwadon nawarsa. Mai tafiyar milimita 10 a daƙiƙa zai ɗauki minti guda kafin talabijin ta gama fitowa. A tabbata yana da makunnin da ke tsayar da shi da kansa a ƙarshen tafiya. Sandarsa a kan zaren sukuru take hawa, shi ya sa ko an yanke wuta talabijin ba ta faɗowa.

Talabijin za ta zauna ne a jikin allon filawud da ke hawa da sauka a kan ƙarafan zamiya biyu, irin na durowa masu ƙwallaye. A sayi masu santimita 70, domin injin ya riga su tsayawa. Idan ƙarfen ya ƙure alhali injin na ci gaba da turawa, ko sukuru su tumɓuke ko fis ya ƙone.

A nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Dole tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu ta zama ɗaya daga ƙasa har sama. Bambancin milimita 2 ya isa ya sa allon ya riƙa cijewa, a ji injin na nishi, talabijin na karkarwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanka falanki ɗaya daidai tazarar, a riƙa jingina shi sama da ƙasa lokacin ɗaure sukuru, maimakon dogaro da tef. Kafin a ɗaura injin, a ɗaga allon da hannu ɗaya daga tsakiya. In bai tafi sumul ba, injin ba zai gyara komai ba, sai dai ya ci kansa. Shi kuma injin a kafa shi a tsakiya cak, a tsaye, bayan allon, da maƙalai masu fil a sama da ƙasa don ya ɗan samu wasa. Nauyi daga gefe shi ne babban abin da ke lanƙwasa sandar.

Haɗin wuta gajere ne. Makunni mai ƙafa shida, DPDT, irin wanda ke komawa tsakiya in an sake shi: ƙafafun tsakiya biyu su tafi injin, na sama biyu su karɓi wuta, a gicciya waya daga na sama zuwa na ƙasa. Wannan gicciyawa ce ke juya wutar injin ya koma baya. A sa fis mai ampiya 5 a wayar ja, wato ta ɓangaren (+), a yi amfani da waya mai kaurin 1.5mm². Inda ake yawan ɗauke wuta, gara a ciyar da injin daga ƙaramin batir 12V 7Ah da caja a jikinsa. Wayoyin talabijin kuwa a bar musu rara, a ɗaure su a jikin allon yadda ba za su shiga ƙarafan ba.

Murfin saman kabad shi ne wurin haɗari, kuma ban yarda a yi masa sakaci ba a gidan da ke da yara. Ƙarfin 750N ya kai nauyin kilo 76, ya isa ya murƙushe yatsa. Kada a ɗaure murfin tam a kan allon. A ɗora shi a kan fil biyu, ta yadda in ya tarar da hannu zai tsaya a kai da nauyinsa kaɗai, allon ya ci gaba da sauka. A bar masa tazarar milimita 3 ta kowane gefe, musamman in na maɗaci ne ko wani katako tsantsa, domin wanda ya shiga daidai da hunturu zai kumbura da damina ya maƙale.

Idan talabijin ta hau, nauyi ya koma sama, kabad mai zurfin santimita 30 kuma zai iya kifewa gaba. A ɗaure bayansa da bango da maƙalai biyu. A huda ramukan iska a bayan, sannan duk ƙarshen hunturu a goge ƙurar da ta haɗu da giris a ƙarafan, a sa sabo kaɗan.