Na juyo daga Kilimanjaro saura ƙiris, kuma ba ƙafa ce ta kasa ba

'Yan uwa masu koyon hawan dutse, na dawo, amma babu hoton allon Uhuru, ƙololuwar dutsen, da na yi muku alkawari. An juyo da ni ƙasa da Stella Point, wanda ke kan mita 5,756, ita kuwa ƙololuwar tana 5,895.

Atisayen wata takwas bai ci amanata ba. Hawan matakala da jaka a baya, sabar wa ƙafa da takalmi, duk lafiya lau. Tun a Barafu, sansanin ƙarshe, abin ya lalace. Kaina na sarawa, abinci ya ƙi shiga, ga tashin zuciya. Alamomin ciwon tsauni ne, wanda ƙarancin iska a can sama ke jawowa, na haddace su tsaf. Amma da jagoranmu ya maƙala min 'yar na'urar auna iskar jini a yatsa, ya ce yaya jiki, sai na ce garau nake. Har dogon numfashi na riƙa ja a ɓoye don lambar ta haura. Wa nake cuta?

Da tsakar dare muka tashi, fitila a goshi, sanyi kamar ya tsaga fuska. Wajen ƙarfe huɗu na fara tangaɗi, ko zif ɗin rigata na kasa ja. Jagoran ya ce in yi tafiya a miƙe, diddige na taɓa yatsu. Taku uku na karkace. Bai tsaya jin ta bakina ba, ya kama hannuna muka yi ƙasa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, muna gangarowa ba raina nake tunani ba, me zan rubuta a Facebook nake lissafi. Kowa na gaya wa natsuwa na je nema, kuma ba ƙarya ce zalla ba: safiyar da muka hau bangon Barranco, hannu da ƙafa, gajimare a ƙarƙashinmu, ko tuna waya ban yi ba. Amma me ya sa na zaɓi kwana shida ta hanyar Machame, alhali na san ƙarin kwana ɗaya na taimaka wa jiki ya saba da ƙarancin iska? Ba don sauƙin kuɗi ba ne. So nake a ce wane ya yi shi da wuri. Kuɗin da na tara shekara biyu ya tafi a kan wannan, kuma yana min ciwo.

Takalman na bayan ƙofa, ƙurar Mweka, hanyar saukowa, ma ban kakkaɓe ba. In zan koma, kwana takwas ne ta hanyar Lemosho, kuma ranar tafiyar ko ku ba zan faɗa wa ba.