Kwalarar 2021: aiki tsakanin Abuja, jiha da ƙaramar hukuma

A daminar 2021 ina aikin sa ido kan cututtuka a wata ƙaramar hukuma ta Arewa maso Yamma, lokacin da amai da gudawa suka mamaye jihohi da dama. A watan Yuni hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta buɗe cibiyar ayyukan gaggawa ta ƙasa. A takarda rabon aikin a fili yake: tarayya ta ba da ƙa'ida da gwajin tabbatarwa da tallafin kaya, jiha ta ajiye ta raba, ƙaramar hukuma ta zaƙulo masu ciwo.

Inda muka fara tuntuɓe shi ne ƙidaya. Babban asibiti na jiha ne, alƙalumansa ma'aikatar lafiya yake kai wa, mu kuma muna shigar da na ƙananan asibitoci a SORMAS, manhajar tattara bayanan cututtuka. Wanda aka turo daga ƙauye sai a ƙirga shi sau biyu, wanda ya rasu a gida kuwa ba ya cikin lissafin kowa, alhali da wannan lissafi ake rabon kaya. Muka koma jerin sunaye guda ɗaya, ana rufe shi kullum bayan la'asar, masu unguwanni suna kawo labarin mace-macen gida.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ruwan ƙari. Babba mai kilo 60 da ruwan jikinsa ya ƙare yana buƙatar lita 6 na Ringer's lactate cikin awa uku na farko. Katan-katan suna jibge a rumbun jiha, amma ba a fayyace wanda zai zuba wa mota mai ba, ga hanya ruwa ya cinye. Tun kafin saukar damina ya kamata a rubuta wannan, a kuma kai kason kowace gunduma kusa da ita.

Don gwajin tabbatarwa kuwa, samfurin bahaya a ɗauke shi kafin a ba majiyyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa cikin Cary-Blair, sinadarin da ke adana samfuri har ya isa ɗakin gwaji, kada a daskarar.

Garin kulorin mai ƙarfin kashi 70 ya zo mana ba bayanin haɗi, kowa yana damawa yadda ya ga dama. Muka rubuta a jikin bokitai: cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya don amai, bahaya da gawa, biyu a lita 10 don gado da daɓe, ɗaya a lita 20 don wanke hannu. Masu wankan gawa ba su karɓi haɗin ba sai da hakimi da limamin Juma'a suka zauna da su.